A Sake Fasa Goron Sulhu

Wani abokina, direban motar wani gidan talabijin, shi ya ba ni wannan labari, kuma ya rantse bai ƙara gishiri ba.

Ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin wasu garuruwa biyu da suka yi ta kashe juna a kan fadama, aka tura su ɗauko rahoto. Taya ta yi faci a hanya, sai bayan la'asar suka isa. Kafin nan an gama komai. An shafa fatiha, Maigari Barmo da Maigari Jatau sun fasa goro ɗaya kowa ya ci ɓari, wanda a wajensu shi ne rantsuwar an ajiye makami. Har an fara naɗe tabarmi. Samarin ɓangarorin biyu dai suna tsaye nesa-nesa, kowa da sanda a hannu, ana ta hararar juna.

Ɗan jaridar, wani Nazifi mai ƙaton tabarau, ya ce shi fa ba zai koma ofis hannu rabbana ba. Ya sa aka samo wani goron a maimaita. Tsofaffin nan suka fasa, suka ci. Mai kyamara ya ce rana ta haske musu fuska. Aka sake. Jaki ya gitta. Aka sake. Bawan Allah Jatau, da haƙoransa ba su fi huɗu ba, sai fama yake da dasashi.

Nazifi ya duba abin da aka ɗauka, ya girgiza kai.

Ya ce wa Barmo, "Ranka ya daɗe, abin bai yi armashi ba. Mai kallo ba zai gane an yi yaƙi ba."

"To yaya kake so, ɗana?"

"Ku fara da ɓata rai. Ka nuna shi da yatsa, shi kuma ya ɗan zaburo maka, samarin nan su ɗaga sanduna. Daga nan sai ku rungume juna. Minti biyu an gama."

Abokina ya ce shi dai lallaɓawa ya yi ya tayar da mota, ya juya kanta hanyar gida.

Barmo ya tofar da tuƙar goro, ya ƙare wa kyamarar kallo sama da ƙasa.

"Babu laifi, ɗana. Amma wancan karon da na nuna shi da yatsa, shekara goma sha ɗaya muka yi kafin mu kai wajen rungumar. Batirin naku zai kai?"