Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Gwaji ta Ɗaki na Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai huce ba, injiniyar ɗaki na uku tana sanar da rasuwar kwamfutarta ta gwaji, wadda kowa a ofis ya sani da Tsohuwa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha shida.

Marigayiyar ba ta da sauri, fankarta kuma kullum cikin gurnani take, gurr-gurr, kamar mai ciwon ƙirji. Amma ba ta taɓa ɓoye gaskiya ba. Wata bakwai injiniya ta yi tana farautar wani kuskure a can cikin zuciyar babbar manhaja. Idan madannai, wato allon buga rubutu, da katin intanet suka ƙwanƙwasa wa kwamfuta ƙofa lokaci guda, sai ta ajiye aikin hannunta ta amsa wa ɗaya, ta manta da ɗayan, komai ya sandare. A sababbin kwamfutoci sai a yi wata abin bai faru ba. Tsohuwa kuwa duk gwajin da aka yi sai ta faɗi, ta yi tit-tit-tiit, ta nuna inda ciwon yake.

Ranar Litinin injiniya ta rubuta gyaran da take kyautata zaton shi ne maganin kuskuren. Gwaji kawai ya rage.

Ba tsufa ne ya kashe Tsohuwa ba. Manaja ne ya ji za a yi baƙi, ya ce a kawar masa da wannan bola. Injiniya tana wurin taron da shi da kansa ya tura ta, aka fizge wayoyin Tsohuwa, aka jefar da ita bayan gini ƙarƙashin indararo, ruwan sama ya sauka. Da injiniya ta tunkari manaja, ko kunya babu ya ce ai zai sayo sabuwa mai sheƙi. Ta fice, don kada bakinta ya raba ta da aikinta.

Marigayiyar ta bar madannai mai gogaggun haruffa, da gyaran da ba mai shaidarsa. Ta kuma bar kuskuren nan da ransa da lafiyarsa a kwamfutocin ɗakunan gwajin jini sama da ɗari huɗu masu amfani da manhajar ofishinmu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma a ɗakin ajiya, bayan mai gyara ya ciro abin da ya tsira. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da duk wata kwamfuta sa'ar marigayiyar, ko a samu wadda za a gwada gyaran a kanta. An tanadar wa manaja kujera a sahun gaba, dab da wayar da kwastomomi ke kira su yi faɗa.