Gaisuwar da Na Koyo a Kwaleji

Allah sarki kwaleji! Can aka koya mana dabarun neman aiki: ka tsaya kyam, ka dubi mutum cikin ido, ka matse hannunsa. Ni na fi kowa maki.

Da wannan ilimi na shiga wurin Alhaji, mai makarantar kuɗi a Faskari, neman koyarwa. Sauran manema suka cire takalma suka durƙusa, har na tausaya musu. Na taka dardumarsa da takalmi, na damƙi hannun dattijo na girgiza.

Ya duba yatsunsa ya ce, "Kai ɗan nan, aiki ka taho nema ko kokawa?"

Wani ɗan ƙauyen Ruwan Godiya aka ɗauka. Har yau in na miƙa hannu, abokaina sai su ɓoye nasu cikin aljihu: "Malam, daga nan ma mun amsa."