Rigar da Ba Ta Kamuwa

"Duk wanda ya ga Auta a talabijin ranar gasar nan, ya kalli rigarta da kyau. Aikin hannuna ne!"

Haka na riƙa shelantawa a layinmu, tun daga mai shayi har mai faci. Wanda ya zo karɓar wando sai ya sha lacca kafin ya ga wandonsa. Ni ne fa telan da ake kira Sarkin Almakashi, sarautar da ni na naɗa kaina, ni nake kai wa kaina gaisuwa.

Auta ƙaramar 'yata ce, 'yar wasan judo. An kawo gasar matasa ta duniya garinmu, kuma tana cikin waɗanda aka zaɓa. Yarinyar nan ta daɗe tana dawowa gida da ɗingishi saboda wannan rana. Kocinsu ya ba ta sababbin riguna biyu, fara da shuɗiya, ta rataye su tana shafawa safe da yamma.

Ni kuwa sau ɗaya na leƙa atisayensu, amma na gano sirrin wasan kaf. Aboki, judo cakumar riga ce kawai. A damƙe ka ta hannun riga da wuya, a yi sama da kai, a maka ka da ƙasa. To, in babu abin damƙa fa? Duk faɗin duniya ba wanda ya yi wannan tunani sai ni.

Ana gobe gasa, Auta ta tafi awon nauyi, na suri rigunan na yi shago. Na matse hannuwa, na tsuke ƙirji, na datse rarar yadin tas, don ni ba na barin ƙazanta a cikin ɗinki. Ina cikin ninkewa sai ga uwar yara.

"Malam, koci ya san da wannan?"

"Koci faɗuwa ya sani. Ni na san yadi."

"To, Allah ya sa kada kai ma ka san faɗuwar."

Na sa su a jakar Auta na zuge, na ce kada a buɗe sai a can.

Washegari muka isa zauren gasa, yaran ƙasashe ko'ina, kowa cikin rigarsa burum-burum. Na dube su na ji tausayinsu. Can sai ga Auta ta fito daga ɗakin sauya kaya, hannuwa a sanƙare, kamar wadda aka sa wa sanda a hammata.

"Baba, me ya sami rigata?"

"Ilimi ne ya same ta. Wuce mu je."

Ashe kafin a hau katifar wasa akwai wani jami'i mai duba riguna, da ɗan ma'auninsa da yake zurawa cikin hannun riga. Ya zura, abu ya ƙi shiga. Ya sa yatsu zai kama yadin, yatsun suka zame.

"Ka gani ko?" na zunguri koci. "Shi kansa ya kasa kamawa!"

Koci ya dafe kai. "Baban Auta, ai dole a iya kamawa! Doka ce! Maza a kawo shuɗiyar."

Na fara nazarin fitilun rufi.

"Baba," in ji Auta a hankali, "har ita?"

"Ni ba na aiki rabi da rabi."

Na zaro reza daga aljihu na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, farkewa zan yi ta koma yadda take. Na farke. Ina yadin da zan saki? Yana can kwandon shara a shago. Na ƙara ja kaɗan, sai ga hannun riga sukutum a hannuna.

Idon Auta ya cika da ƙwalla. "Baba, in aka kira sunana ban fito ba, shi ke nan, an cire ni."

Sarautar ta zube, ban ma san inda ta faɗi ba.

Allah ya taimaka masu shirya gasar suna da rigunan aro. Wadda ta rage ta yi mata yawa, da ƙyar ta tsallake awo. Koci kuma aka hana shi kujerarsa ta gefen katifa, hukuncin kawo riga marar ƙa'ida. Kallon da ya yi mini, na gwammace mari.

Auta ta shiga ita kaɗai cikin rigar aro. Aka cakume ta, ta cakuma, ta yi ta maka 'ya'yan mutane da ƙasa har ta ciwo lambar tagulla. Ni daga bayan ginshiƙi na yi kallo, ina kuka ina tafi.

Muna shigowa layi mai shayi ya ɗaga murya: "Sarki, mun ga aikinka a talabijin! Buhun nan na shinkafa ne ko na siminti?" In ce ba ni na ɗinka ba, a tambayi ina tawa. In ce ni ne, ga abin da aka gani. Kafin in zaɓa, wani ya zo ya karɓe yadin da ya ba ni ɗinki.

A gida na gyara murya. "Auta, gasa ta gaba, akwai wata dabara..."

"Na ma tanadar maka aiki, Baba. Duk maɓallan rigar, kai za ka sa."

Na ji daɗi har na fara kumbura, sai na tuna. "Ai rigar judo ba ta da maɓalli."

Uwar yara ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shi ya sa, Malam."