Kwana Uku Ina Gyaran Injin Kawu a Cikin Tano

Ba zan taɓa mantawa da kakar albasar da na yi wa Kawu Sale gyaran injin jirgi ba. A lokacin ina da ɗan garajin babura kusa da babbar kasuwar Malanbil, kuma bakina ya fi hannuna aiki. Na sha faɗa a gaban jama'a cewa duk abin da ke shan isansi, wato fetur, in ya ji hannuna sai ya tashi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da jirginsa na katako yake ɗauko albasa daga lambunan bakin gulbi wajen Madekali ya kawo gari, kuma abin da ya samu a wannan kakar shi gidansa ke ci har shekara ta zagayo. Injinsa tsoho ne, ya girmi aurena. Sai ya tsiri wani hali: in jirgi babu kaya ya yi ta gudu, da an loda an buɗe masa wuta sai ya yi tari ya mutu. Sau biyu albasar mutane tana yini a rana. Masu lambu suka ce in an yi na uku, wani jirgin za su nema.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: tsoron ruwa nake. A bakin gulbi aka haife ni, amma ko Gaya da ke ƙetaren gulbin zan je sai ta gada, kuma a tsakiyar gadar nake bi (ba na ma leƙawa ƙasa). Don haka na sa aka ciro injin aka kawo garaji, na rataya shi a bakin wani babban tano, wato duro, cike da ruwa. Tankin mansa kuwa aka bar shi cikin jirgi, na jona nawa galan.

Kwana uku ina fama. Na canza buji, wato fulogi, na wanke karbirato har sau biyu, na hura tiyon mai da bakina har abinci ya daina yi mini daɗi. Injin ya yi ta kuka mai daɗi a cikin tano, masu wucewa suna tsayawa kallo, ni kuma ina goge hannu da tsumma ina gyaɗa kai.

Kawu ya zo ya saurara, ya ce, "Ɗana, cikin tano ai bai taɓa mutuwa ba. Cikin gulbi shika mutuwa. Gobe ka shiga mu tahi tare, ka ji da kunnenka."

A gaban mutane ya faɗa. Na ce to.

Tafiya ta yi sauƙi, don ruwa muke bi kuma babu kaya. Na zauna a tsakiya na riƙe katako da hannu biyu, ina yi kamar tunanin injin nake. A dawowa aka loda buhuna har bakin jirgin ya kusa taɓa ruwa, mata uku masu albasar suka hau kan kayansu. Kawu ya buɗe wuta don mu haura ruwa. Ba mu yi nisa ba injin ya yi tarin nan nasa, ya yi shiru.

Ruwa ya juya jirgin a karkace, wata 'yar igiya ta fantsamo mini a cinya. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma ni, magidanci mai 'ya'ya biyu, sai na ji bakina ya ƙwala, "Wayyo Inna!" na zube rub da ciki a ƙasan jirgi, na rungume abin da hannuna ya fara samu.

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Malam Sale, wanga shi na maigyaran? To wa za ya gyara shi?" Suka yi ta dariya har da tafi. Kunya ta kama ni fiye da tsoron, na ƙi ɗago kai.

Abin da na rungume tankin mai ne, na roba. Ina kwance kuncina a jikinsa sai na ji gefensa ya lotsa ciki, kamar an tsotse shi. Na murɗa murfin kaɗan, ya ja iska, fuuu, ya koma daidai. Na duba 'yar ƙofar iskar da ke kan murfin: zanzaro ya cika ta da laka. In injin yana shan mai kaɗan ba a ganewa, amma da ya ja da ƙarfi sai tanki ya rasa iska, mai ya daina zuwa. Na karɓi tsinken sakace a hannun matar da ta fi kowa dariya, na tsokale lakar, duk ina kwance. Kawu ya matsa famfon tiyo, ya ja igiya sau biyu, injin ya tashi. Bai sake tari ba har Malanbil.

Albasa ta isa kafin azahar, Kawu bai rasa masu lambunsa ba. Da muka sauka na fara kame-kame, wai da gangan na kwanta don in duba tanki. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "Tun kana ɗan shekara biyat ni ka ɗaukar ka in za a ƙetare, kana rufe ido. Na sani. Da ka hwaɗa min, da na kawo maka tankin har garaji."

Wannan maganar ta fi dariyar matan yi mini ciwo. Na kusa jawo masa asarar abincin shekara don kada a san abin da shi ya riga ya sani.

Har yau ta gada nake zuwa Gaya. Amma in an kawo mini inji yanzu, kafin in ɗauki sifana nakan tambayi inda yake mutuwa, in je can in gani. In cikin gulbi ne, sai in ce wa mai shi tun a tudu: zan shiga, amma a kwance zan yi aikin.