Yadda Za Ki Ci Guzurinki a Motar Surukinki Bai Gani Ba

Ke mai ɗiya gidan miji, matso nan. Ranar da surukinki ya yi mota, sai ya ce zai kai ki unguwa. Kin san al'adarmu: uwar mata ba ta ci gaban mijin ɗiyarta, ba ta sha, ba ta kiran sunanai. A gida akwai zana, akwai ɗaki. A mota babu. To ki riƙe abin da zan gaya miki, na yi miki alkawali ki sauka cikinki cike, kunyarki ko ɗiso ba ta zube ba. An gwada ga Salamatu ta Malisa, shekarar da anka ba mu jiha, da surukinta Lawali ya ɗauke mu a akori-kura daga Gwandu zuwa bikin suna a wata ruga can gaba da Wurogauri. Ni ce 'yar rakiya.

1. Zaɓen guzuri

Kada ki ɗauki kilishi, ƙamshinai sanƙira ne, shela yake yi. Ki nemi abin da ba ya kuka, ba ya wari. Dambu, a ƙunshe cikin ƙyalle, a ɗaure ga ƙugu ƙarƙashin zane. Salamatu ta ɗauki dambu, ta ƙara da ƙuli-ƙuli. Na hana ta, ta ce ni mi na sani.

2. Ki rantse kin ƙoshi

Tun a tasha zai sawo ƙosai mai zahi, ya durƙusa, ya ce, "Inna, ga ɗan abin taɓawa." Kada ki dube shi. Ki dubi 'yar rakiya ki ce, "Gaya ma yaron nan na karya tun da asuba." Ƙarya ce, amma mala'iku sun san hali. Shi ma ba zai ci ba, tunda kina nan. 'Yar rakiya ita za ta cinye don kada a yi asara. Aiki ne mai wuya, amma wani sai ya yi shi.

3. Wurin zama

Ki nemi baya, cikin buhuna da ragon suna, inda mutum zai tauna ko dutse ba mai ji. Ba zai yarda ba. "Haba Inna, ina raye ki zauna da rago?" Gaba zai sa ki. To ki tura 'yar rakiya tsakiya, ki ja mayahi har hanci. Ki kuma kiyayi ɗan madubin nan na jikin ƙyaure. Wanda ya ƙera shi ba ya da suruka.

4. Ki bar hanya ta yi miki tauna

In kun wuce Kalgo kunka sauka daga kwalta, sai hili. Hili kamar an share da tsintsiya, ba kuka, ba tsamiya, sai tumfafiyar da ko kaza ba ta ɓoyewa. Shanu can, shanu nan, balbela bisa bayansu, burtali ya miƙe har inda sama ta taɓa ƙasa. A nan yunwa take sallama. Dabara ita ce, mota na shiga gargada ki tauna, ƙarar ƙarhuna ta ruhe taki.

Sai dai akwai suruki mai ladabi, Allah ya raba ki da shi. Salamatu ta jefa ƙuli-ƙuli a kunci tana jiran rami. Lawali na ganin rami sai ya taka birki, ya lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai, don kada Inna ta jijjiga. Ƙuli na kunci har rana ta take. Ya leƙo ta madubi ya ce mini, "Gwaggo, haƙorin Inna ya kumbura ko? In mun komo sai in kai ta asibiti a cire." Ta gyaɗa kai. Mi za ta ce?

5. Garke shi ne zanarki

Tunda Allah bai shuka icce nan ba, ya shuka shanu. Ki jira babban garke, na gudali masu tozo, waɗanda in sun jeru ko raƙumi ya ɓuya. Ki ce ma 'yar rakiya, "Gaya ma yaron nan ya tsaya, na ga wata kamar jikar saniyar marigayi maigidana." Ba mai musu da marigayi. Ki sauka a hankali, ki zagaya bayan garke, ki zauna, ki kwance dambu.

Haka Salamatu ta yi. Loma ta uku na bakinta, makiyayin, wani dogo da ake kira Sambo, ya ɗaga sanda ya yi kira guda. Shanu sunka juya gaba ɗaya sunka nuhi mashaya. Hili ya koma hili. Ga Salamatu zaune da dambu. Ga Lawali tsugune gabanta, tazarar tabarma biyu, da ƙwaryar hura da ya roƙa wurin matar Sambo, gashin bakinai hwari tas.

6. In kun yi ido huɗu

Kada ki gudu, ƙahwa ba ta da sauran gudu. Ki yi zancen shanu. Lawali ya aje ƙwarya bayanai ya ce, "Inna... shanun ga sun yi ƙiba."

Salamatu ta dubi gabas, baki cike, ta ce ma iska, "Gaya ma yaron nan ciyawar bana ce."

Sunka tashi. Ita ta bar dambu nan, shi ya bar hura. Ni na bi baya na kintsa su, don zubar da abinci ba kyau.

7. Shaida

Da kun isa, ki riga shi yabo. Salamatu ta ce ma matan ruga, "Yaron nan tun Gwandu kamar mai azumi." Lawali kuwa yana can wurin maza yana rantsuwa Inna ko ruwa ba ta kurɓa ba. Mata sunka yi guɗa, sunka ce irin wagga kunya ta ƙare a duniya. Ga shi nan. Ba na ce miki kunyarki ba za ta zube ba? Cikin ne dai bai cika sosai ba, shi kuwa laihin shanu ne.

To ni tsohuwa ce, baki gare ni, ba mota ba. In kin bi wagga shawara anka cire miki haƙori mai lahiya, ki nemi surukinki. In garke ya watse, ki nemi makiyayi. Masu cewa wai ni na ce ma Sambo shanunai na jin ƙishirwa, rana ta take, kowa ya ga suna haki. In kuma kin ji labarin ga bakin rijiyar Malisa, ni dai ke kaɗai na gaya ma yau.