Ranar Da Na Je Tsige Baƙona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi tsaye gaban kwamiti a Sakkwato ba, takarda a hannu, babbar riga tana ƙamshin turare, da niyyar raba wani bawan Allah da kujerarsa. Ko yanzu da nake ba da labarin sai na ji gumi yana tsattsafo mini a ƙeya. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san irin mutumin da ya je ya tafka wannan abin kunya.

Ni ɗan Illela ne, dillalin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi, kuma mai masaukin baƙi, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Duk wanda ya taɓa koro dabbobi daga Ƙonni ko gaba da nan ya san zaurenmu. Tsohon ya bar mana doka guda wadda har yau ba a karya ta ba: ba a tambayar baƙo sunansa ko abin da ya kawo shi. A ba shi ruwa, a ba shi abinci, a nuna masa shimfiɗa. In ya ga dama ya faɗi da bakinsa, in bai faɗa ba shi ke nan. Da wannan nake tinƙaho a ko'ina, kuma ina da hujjar yi.

Abu na biyu da aka san ni da shi shi ne ƙwallo. Akwai kulob ɗin ƙwararru da muke goyon baya a birni (ba zan kama suna ba, har yanzu ina son a riƙa bari na shiga fili), ni ne kuma shugaban magoya bayansa reshen Illela. Ba a zaɓe ni don ilimi ba, an zaɓe ni ne don na fi kowa murya. In aka ci mu, sai matata Hajiya ta janye yara daga tsakar gida kafin in shigo.

To, a lokacin babu wanda na tsana a duniyar ƙwallo kamar janar manajan kulob ɗin, Malam Sa'idu. Kakar wasa uku yana kan kujera, ba mu faɗa ƙaramin rukuni ba, ba mu kuma ɗauki ko cokali ba balle kofi. Ya sayar da ɗan gabanmu da ya fi kowa cin ƙwallo. Ba ya hira da gidan rediyo, kullum kakaki yake turowa. Saboda haka ban san fuskarsa ba. Sai dai duk ranar da na je kallo, nakan hango wani ƙaton mutum mai baƙin tabarau a rumfar manya, ni da kaina na yanke cewa shi ne. Kaka uku ina hararar mutumin nan daga tsallaken fili. (Daga baya na ji ashe shi ne mai kawo wa 'yan wasa ruwan sha.)

Da kwantiragin janar manaja ya zo ƙarewa, hukumar kulob ta kafa kwamiti ya duba aikinsa: ko a sabunta, ko a sallame shi. Aka ce kowane reshen magoya baya ya turo wakili, aka kuma raɗa mana cewa kan 'yan kwamitin ya rabu biyu, bakinmu ne zai rinjaya. Na zauna na cika shafi huɗu da laifuffukan Malam Sa'idu. Bokona bai wuce aji uku na sakandare ba, amma ranar sai na ji kamar lauya ne ni.

Ranar Asabar, jajibirin kasuwa, sai ga Sani direba ya tsaya ƙofar gida da wani siririn mutum, farar riga mara ado, 'yar jaka a kafaɗa.

"Maigida, ga baƙo daga birni. Masaukai duk sun cika, nic ce babu inda za ni kai shi sai wurinka."

Aka kawo masa fura mai sanyi, aka biyo da tuwon shinkafa. Ya ci, ya yi godiya, bai faɗi sunansa ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan azahar sai ya nemi a kwatanta masa filin ƙwallon Amarawa, wani gari kusa da mu, wai ya ji ana wasa. Ya hau babur ɗin kabu-kabu ya tafi. Rana ta yi sanyi ya dawo, ya same ni a bakin zaure.

"Ashe kai ma mai ƙwallo na?" in ji ni.

"Ina taɓawa kaɗan."

"To zamna in karanta ma abin da za ya maida wani mutum gida."

Ku lura, bai nema ba. Ni na shiga ɗaki da ƙafata, na ɗauko takardar, na gyara murya. Da na ambaci sunan janar manaja sai ya ɗago kai ya ce, "Ka san shi?"

"Hwarin sani! Ƙato na, tumbi awa randa. Ko gaisuwa ba ya amsawa."

Baƙon ya dubi cikinsa da ke lafe cikin riga, ya ce, "Allah shi kyauta."

Na shiga karatu. Laifi na farko, ya ajiye golanmu mai kyau a benci. Baƙo ya ɗaga hannu, ya zaro jan biro daga aljihu.

"Wanga ba aikin manaja ba na, Alhaji. Koci ka hidda masu wasa. In kak karanta shi, dariya za su yi ma. Amma kana iya tambaya tai don mi yac canza koci har sau biyu, don shi ad da wanga alhaki."

Na miƙa masa takardar, ya soke, ya rubuta. Na ce motar 'yan wasa ta taɓa lalacewa a hanya har suka isa fili a gajiye. Ya ce ba sau ɗaya ba ne, sau biyu ne, ya gyara. Kan maganar ɗan gaban da aka sayar kuwa ya ce in bar ta yadda take, amma in tambaya me aka yi wa kulob da abin da aka samu, don a nan ake gane manajan kirki. Ni dai sai washe baki nake yi. Na ce a raina Allah ya kawo mini ɗan jarida har gida, kyauta.

Da muka kai ƙarshe sai ya juya biro a hannu.

"Ka bar babba," ya ce.

"Wane?"

"Ɗan bayan ga da yaj ji ciwo ga gwiwa. Likita ya ce a kai shi babban asibiti nan take. Manaja ya ce a jira a ƙare wasanni biyu. Koda anka kai shi, lokaci ya wuce. Yanzu ba ya wasa, kuma yana da iyali."

Na tuna ɗan wasan sarai, mun ɗauka ƙaddara ce kawai. Baƙon ya duƙa ya rubuta wannan a ƙasan shafi na huɗu, layi biyar, a hankali. Ya miƙo mini ya ce, "In za a kore shi, a kore shi bisa wanga. Sauran duk wasa na." Ni kuwa (Allah ya yafe mini) na buga cinya na ce, "Yauwa! Da wanga za mu karya mai ƙugu!"

Da safe ya yi sallama, Hajiya ta ƙulla masa kilishi da 'yar albasa. Da ya tafi ta ce da ni, "Baƙon ga naka ba shi da surutu, amma ka yi na mutum biyu." Na so in kai takardar a buga mini ita a na'ura, na tarar babu wuta a shagon, kasuwa kuma ta ɗauke mini hankali. Haka na ninke ta da jan rubutunta na sa a aljihu.

Ranar Alhamis muka cika mota ɗaya, ni da mutanen reshena, sai Sakkwato. Tun a hanya ake yi mini kirari. Muka shiga zauren taro, na duba teburin manya sama da ƙasa, babu mai baƙin tabarau. Na juya na ce wa mutanena, "Ya ji muna tahe, ya gudu." Can gefe kuma sai na hango baƙona zaune shi kaɗai gaban wani ɗan teburi. Na ɗaga masa hannu da ƙarfi, har da nuna masa aljihun da takardar take. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai.

Wakilai uku suka yi magana, biyu suka ce a kore shi, ɗaya ya ce a bar shi. Sai shugaban kwamiti, wani dattijo mai farin gemu, ya kira wakilin Illela. Na tashi, na yarfa hannun riga a kafaɗa, na karɓi makirufo.

"Ranka shi daɗe, kahin in hwara, ina son a rubuta cewa mutumin da munka taru dominai ko zuwa bai iya yi ba."

Dattijon ya sauke tabarau. "Wa ab bai zo ba?"

"Janar manaja."

"Alhaji, ga janar manaja nan zamne tun sahe."

Ya nuna ɗan teburin gefe. Baƙona ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna, ya koma ya zauna.

Jama'a, na sha ganin bijimi ya tsinke igiya a tsakiyar kara, ban taɓa ganin tashin hankali irin na ranar ba. A take komai ya dawo mini: randa, tumbi, karya ƙugu, da tuwon da ya ci a zaurena yana sauraren ina yankansa. Na shiga ninke takardar, na ce cikin makirufo, "Illela... Illela ba ta da ƙorahi." Mutanena suka ɗauki guna-guni a baya. Wani ya ce da ƙarfi, "An saye shi!" Wannan kalma ta fi mini komai zafi, don dillalin da aka ce an saye shi ya gama sana'a.

Sai Malam Sa'idu ya ɗaga hannu. "Ranka shi daɗe, a bar shi shi karanta. Takardar na da kyau, tare munka gyara ta."

Sai ya ba da labarin a taƙaice, tun daga zuwansa duba wani gola a Amarawa har kwanansa a zaurena, bai ɓoye ko randar ba. Zauren ya kece da dariya, har shugaban kwamiti yana share hawaye da gefen rawani. Ni kuwa ina tsaye, ba gaba ba baya. Na warware takardar na karanta. Da na iso layi biyar na ƙarshe, dariya ta ɗauke gaba ɗaya. Na ga 'yan kwamiti suna duban juna, ashe su ma ba su san da wannan magana ba.

Dattijon ya karɓi takardar, ya daɗe yana duban jan rubutun. Ya ce da janar manaja, "Hannunka na wanga?" Ya ce nasa ne. Sai dattijon ya juyo wurina.

"To Alhaji, mun ji laihi. Mi Illela tac ce, shi zamna ko shi tahi?"

A nan ne, cikin ikon Allah, bakina ya yi mini amfani sau ɗaya a rayuwa. Na ce ni ban san aikin manaja ba, yau kowa ya shaida haka, amma na san aikin kara. A kara ba ma auna dillali da kasuwar rana ɗaya. Muna duba ko zai kama hannunka ya kai ka ya nuna maka aibin saniya da kansa tun ba ka gani ba, alhali ya san hakan na iya ɓata masa ciniki. Irin wannan in ka samu ba ka sakinsa, ko da kasuwa ta yi shekara tana ba ku haushi. Na ce mutumin nan ya shigo motar haya ya je Amarawa duba mai tsaron gida ba tare da kowa ya sani ba, ya kwana kan tabarmata, ya kuma ba ni makamin da zan sare shi da shi. Laifin da ya yi wa ɗan bayanmu laifi ne, sai ya gyara shi. Amma Illela ta ce ya zauna.

Mutanena da suka ce an saye ni su suka fara tafi.

An sabunta masa kwantiragi da sharuɗɗa: maganar likita ta fi tasa a kan mai rauni, kulob ya nema wa ɗan bayan nan aiki, shi kuma ya riƙa fitowa yana fuskantar magoya baya. Golan Amarawa yanzu yana cikin kulob, in ya kama ƙwallo sai in ji kamar ni na haife shi. Kofi dai har yau muna jira, kuma duk ranar da aka ci mu ina kiran Malam Sa'idu in wanke shi tas, shi kuma ya tambaye ni lafiyar randa. A kara an laƙaba mini Mai Jan Biro, tun ina faɗa har na fara amsawa. Takardar tana nan cikin akwatin mahaifina.

Hajiya ta ce tunda abin ya kai haka, in riƙa tambayar baƙi sunansu. Na ce a'a, dokar tsoho ba ta yi laifin komai ba. Ya ce kada a tambayi baƙo ko shi wane ne, bai ce a zaunar da shi a karanta masa shafi huɗu ba. Yanzu in baƙo ya sauka, nakan ba shi fura, in nuna masa shimfiɗa, in ja bakina in yi shiru, musamman in siriri ne kuma na hango biro a aljihunsa.