Saƙon da Na Goge Ya Dawo Gaban Alhaji

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da ranar da na kai wa manoman rani na Watari manhajarsu ba. Ƙungiyarsu ce ta ba ni aikin: manhajar waya da za ta gaya wa kowa ranar da ruwa zai bi ta gonarsa. Shugabansu kuwa Alhaji ne, mahaifin Hauwa'u, wadda nake so amma ban kai ga tura manya ba.

Lokacin da nake gwaji, ina bukatar rubutun da zai fito in an buɗe manhajar. Maimakon in sa "Barka da zuwa" kamar mai hankali, sai na rubuta: "Hauwa'u, ke ce ruwan gonata." (Kada ku tambaye ni, ni ma ban san inda na samo ta ba.)

Abin da nake rubutawa ba shi waya ke karantawa ba. Sai kwamfuta ta niƙe shi ta fitar da wani fayil, kamar gero ya koma gari. Edita, wato manhajar da nake rubutu a ciki, yana bukatar wata 'yar taswira kafin ya iya kai mutum daga niƙaƙƙen zuwa na asali. Ni kuwa ban nuna masa inda taswirar take ba. Da na nemi jimlar don in cire ta, ya kai ni niƙaƙƙen, na goge ta, na duba waya babu ita, na yi hamdala.

Da safen ranar da zan kai musu, na gyara wani ɗan abu, na sake niƙa.

A inuwar mangwaro aka taru. Na miƙa wa Alhaji wayar hannu biyu. Ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, a hankali, kalma bayan kalma. Sai na ji tarin wani dattijo da na tabbata dariya yake haɗiyewa. Abin haushi, kafin kunya ta kama ni mamaki ne ya riga ta. Ina tsugune ina ta lissafin ta ina jimlar nan ta biyo.

Alhaji ya miƙo mini wayar ya ce, "Mu ruwan dam muka ce ka raba mana. Wancan kuma, in da gaske kake, ka turo manyanka."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari wani abokin karatuna ya nuna mini layin da zan ƙara don edita ya ga taswirar. Ina dannawa ya kai ni fayil na asali, ga jimlar nan zaune daram, ko ƙwarzane babu. Aikin dai ba a ƙwace ba, amma har yau in na bi ta bakin gonakin sai wani ya tambaye ni ya ruwan gona.

Yanzu ba na goge komai sai na ga tushensa, kuma na daina gwaji da sunan 'yar mutane.